Ƙasa ɗaya, doka biyu: amsa kan dokokin jihohi na hana busa taba a cikin gine-ginen jama'a

"Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena yana zaune a Amurka. Ya yi shekara huɗu yana aiki a wani gidan abinci a jihar Minesota, bai taɓa ganin wanda ya kunna sigari a ciki ba. Bara ya koma wani ƙaramin gari a jihar Teksas, sai ya tarar a sabon wurin aikinsa an ware ɓangare guda na ɗakin cin abinci ana busa taba. Yana da fuka tun yana yaro, ta kwanta shekaru, yanzu ta tashi. Mai gidan abincin ya ce masa doka ba ta hana ba, kuma ai an raba masu sha da marasa sha. Yaya za a yi ƙasa ɗaya a sami doka biyu? Rabawar da aka yi ba ta isa kariya ba ne? Mu kuma a nan gida akwai irin wannan doka?" Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ƙanen naki lafiya, ya sauwaƙe masa. Idan na fahimce ki, kina son sanin dalilin da ya sa abin da aka hana a Minesota ya halatta a wani gari na Teksas, sannan ko ware wa masu shan taba kusurwa yana kare wanda ba ya sha, sannan kuma inda mu muka tsaya. Zan fara da gaya miki abin da na yi imani da shi bayan shekaru ina aikin kiwon lafiyar al'umma: mai gidan abincin nan mai yiwuwa ya faɗi gaskiya a kan doka, amma a kan lafiya bai faɗi daidai ba, domin raba ɗaki ɗaya gida biyu ba ya raba iskar da ke cikinsa, kuma wanda ya fi kowa cutuwa da wannan tsari shi ne ma'aikaci irin ƙanenki, wanda yake yini a wurin yana kai faranti yana ɗauko faranti, ba baƙon da ya ci abinci cikin rabin awa ya tafi ba.

Dalilin da ya sa doka ta bambanta

Amurka tarayya ce ta jihohi 50, kuma gyara na 10 da aka yi wa kundin tsarin mulkinta a 1791 ya ce duk ikon da ba a miƙa wa gwamnatin tarayya ba, na jihohi ne ko na jama'a. Kula da lafiyar jama'a a kasuwa da gidan abinci da shago yana cikin abin da aka saba bar wa jihohi, su kuma jihohin sukan sakar wa birane da ƙananan hukumomi wani ɓangare. Gwamnatin tarayya ta taɓa inda hannunta ya kai: ta hana shan taba a jiragen sama na cikin gida masu tafiyar awa biyu ko ƙasa da haka a 1988, ta faɗaɗa hanin a 1990, ta kammala shi a kan jiragen da ke shiga da fita ƙasar a 2000, sannan Shugaba Bill Clinton ya hana a gine-ginen gwamnatin tarayya a 1997. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta ƙasa ta fito da daftarin ƙa'ida a 1994 wanda da ya shafi wuraren aiki a faɗin ƙasar, aka yi ta ja-in-ja a kansa har ta janye shi a 2001. Saboda haka har yau babu wata doka guda ta tarayya da ta hana busa taba a gidajen abinci, kowace jiha da abin da majalisarta ta zartar.

Jihohin ma ba rana ɗaya suka tashi ba. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, na 1964 shi ne ya tabbatar wa jama'a cewa sigari yana haddasa sankarar huhu, amma a lokacin magana ce ta mai sha da kansa. Arizona ce ta fara taƙaita shan taba a wasu wuraren jama'a a 1973, sannan Minesota, inda ƙanenki ya fara zama, ta yi dokar tsabtace iskar cikin gini a 1975. Abin lura shi ne wannan dokar ta 1975 ba ta hana ba, ware wuri ta ce a yi, wato ainihin tsarin da ƙanenki ya tarar a Teksas. Minesota ta yi shekara 32 tana gwada wannan tsari kafin ta watsar da shi, ta hana gaba ɗaya a gidajen abinci da gidajen giya daga 1 ga Oktoba 2007.

Abin da ya sauya ra'ayi a tsakanin waɗannan shekaru bincike ne. A 1981 wani masani ɗan Japan mai suna Takeshi Hirayama ya wallafa sakamakon bin diddigin matan aure fiye da 90,000 waɗanda ba sa shan taba, ya gano cewa waɗanda mazajensu ke sha sun fi kamuwa da sankarar huhu, kuma gwargwadon yawan shan mijin, gwargwadon ƙaruwar haɗarin matar. A 1986 babban likitan gwamnati C. Everett Koop ya fitar da rahoto a kan shaƙar hayaƙin tabar wani, ya ce raba masu sha da marasa sha a cikin iska ɗaya yana iya rage abin da ake shaƙa amma ba ya kawar da shi. A farkon 1993 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta sa wannan hayaƙi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam.

Daga nan ne Kalifoniya ta yi abin da nake ganin shi ne mafi hikima a duk tarihin nan: ta sa hanin a cikin dokar ƙwadago, ta ce mai ɗaukar ma'aikata ba shi da izinin barin a busa taba a rufaffen wurin aiki. Dokar ta fara aiki a ofisoshi da gidajen abinci a 1995, ta kai gidajen giya a ranar 1 ga Janairu 1998. Da aka mayar da maganar ta ma'aikaci, sai gardamar "wanda ba ya so ya tafi wani gidan abincin" ta rasa ƙarfi, domin mai cin abinci yana da zaɓi, amma mai neman na tuwo ba kullum yake da shi ba. Delaware ta biyo baya da cikakkiyar doka a 2002, Niyu Yok a 2003, wasu suka bi sahu, har Karolina ta Arewa, wadda take cibiyar noman taba, ta hana a gidajen abinci da na giya a farkon 2010. A ƙididdigar cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, jihohi 28 da babban birnin tarayya Washington ne suke da cikakkiyar doka da ta haɗa wuraren aiki da gidajen abinci da gidajen giya. Sauran, waɗanda yawancinsu suna kudu, ko dai dokarsu rabi ce ko kuma babu.

Teksas tana cikin sauran. Dokar jihar ta taɓa makarantu da asibitoci da ɗakunan karatu da motocin sufurin jama'a da makamantansu, amma ba ta kai gidajen abinci ba. Manyan biranenta, irin su El Paso da Ostin da Hyuston da Dalas da San Antoniyo, kowanne ya yi tasa dokar, ƙananan garuruwa da dama kuma ba su yi ba. Don haka mutum yana iya tuƙa mota minti ashirin daga inda aka hana ya isa inda ba a hana ba, duk a jiha ɗaya.

Kusurwar masu shan taba

Malama, ki tuna yadda ake sa turaren wuta. Idan aka zuba shi a kasko aka ajiye a lungun ɗaki, ba a cewa wannan gefen ne kaɗai zai yi ƙamshi. Kafin a jima labule da katifa da kayan da ke cikin akwati duk sun ɗauka, wanda ya shigo washegari ma zai ji. Hayaƙin taba haka yake tafiya, sai dai shi abin da yake ɗauke da shi sinadarai ne fiye da 7,000, kimanin 70 daga ciki an san suna jawo sankara. Kuma mafi yawan hayaƙin da ke cika ɗaki yana fitowa ne daga bakin karan sigarin da ke ci a hankali tsakanin zuƙa da zuƙa, a hannun mai sha ko a kan mazubin toka. Wannan hayaƙin bai bi ta audugar gindin sigari ba, yana ƙonewa da ƙarancin zafi, saboda haka wasu gubobin sun fi yawa a cikinsa fiye da wanda mai shan ya zuƙa.

Abin da ido yake gani yana tashi sama ƙaramin ɓangare ne. Cuta mai yawa tana cikin ƙwayoyin ƙura masu ƙanƙanta sosai, waɗanda faɗinsu bai wuce maikuron 2.5 ba, alhali silin gashin kai yana kai kimanin maikuron 70. Irin waɗannan ba sa faɗuwa ƙasa da wuri, sukan yi awanni suna yawo, kuma idan aka shaƙe su gashin hanci da majina ba sa tare su, suna wucewa har can ƙarshen huhu inda iska take haɗuwa da jini. Ga mai fuka, hanyoyin numfashinsa dama a shirye suke su kumbura su tsuke da zarar wani abu ya taɓa su, shi ya sa ciwon da ya kwanta shekaru yake iya tashi cikin 'yan makonni. Ga zuciya kuma, an nuna cewa shaƙar hayaƙin na kimanin minti 30 ya isa ya rage yadda jijiyoyin jini suke buɗewa, ya kuma sa ƙwayoyin da ke daskarar da jini su riƙa mannewa da juna. Wannan ne ya sa cutar da hayaƙin wani ke yi wa zuciya ta fi girman abin da mutum zai zata idan ya kwatanta ɗan abin da ya shaƙa da na mai sha. Rahoton babban likitan Amurka na 2006 ya ce zama da hayaƙin a gida ko a wurin aiki yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na sankarar huhu da kashi 20 zuwa 30, kuma babu wani ɗan adadi da za a ce shi ba ya cutarwa.

Na taɓa shiga wani zauren cin abinci na otal da ƙaramar na'urar auna ƙurar iska a cikin jakata, da izinin manajan wurin, wanda ya yi imani da gaske cewa ya yi abin da ya kamata. Ya jera tukwanen furanni a tsakiyar zauren, dama ga masu sha, hagu ga iyalai, ya sa allo mai kyau. Na zauna a can ƙarshen hagu, kusa da wata mata da ke ba ɗanta shinkafa a baki. Da farko lambar da ke fuskar na'urar tana ƙasa. Mutum biyu suka kunna sigari a ɗaya ɓangaren, nesa da mu, ban ma ji wari sosai ba, amma kafin yaron ya gama cin abincinsa lambar ta ninka ta sake ninkawa, kuma bayan mutanen sun biya kuɗi sun fita ta daɗe ba ta sauko ba. Na'urar sanyaya ɗakin da manajan yake alfahari da ita ce take kwaso iskar dama tana watsa wa hagu. Da na nuna masa sai ya yi shiru, can ya ce, "Likita, to fanka mai zuƙe iska fa?"

Wannan tambayar tasa ita ce kowa yake yi, kuma injiniyoyi sun riga sun amsa ta. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama gini da sanyaya shi ta Amurka, wadda ita ke tsara ma'aunin shigar iska da fitarta a gine-gine, ta bayyana matsayinta a 2005 cewa babu wata na'urar tace iska ko zuƙe ta da za a dogara da ita wajen kawar da haɗarin hayaƙin taba, hanya ɗaya ita ce a hana sha a cikin ginin. Fanka tana rage wari da yajin ido, sai mutane su saki jiki, alhali ƙurar tana nan. Ko ɗaki na musamman mai ƙofa aka gina, duk buɗe ƙofa hayaƙi yana fita, kuma dole wani ya shiga ya kai abinci, ya share teburi, ya zubar da toka.

Abin da aka gani bayan an hana

Shaidar da ta fi kusa da halin ƙanenki ta fito ne daga San Faransisko. Da dokar Kalifoniya ta kai gidajen giya a 1998, masu bincike sun duba ma'aikata 53 kafin hanin da bayansa. Kafin doka, 39 daga cikinsu suna fama da tari ko majina ko shessheƙa ko ƙarancin numfashi. Bayan wata ɗaya zuwa biyu, 23 daga cikin waɗannan 39 sun ce alamomin sun gushe, kuma awon ƙarfin huhunsu ya inganta. A yammacin jihar Niyu Yok an auna iskar gidajen abinci da na giya da makamantansu kafin dokar 2003 da bayanta, ƙurar ta ragu da kashi 84 cikin ɗari. A faɗin Amurka kuma, ana auna wani sinadari mai suna kotinin a jinin mutane, wanda jiki ke samarwa idan nikotin, sinadarin taba mai sa mutum ya kasa dainawa, ya shiga. A tsakanin 1988 da 1991 kusan kashi 88 cikin ɗari na marasa shan taba ana samunsa a jininsu, zuwa 2013 da 2014 ya sauko kusan kashi 25.

A nan ya kamata in yi adalci, domin akwai alƙaluman da masu goyon bayan doka suke yawan ambata fiye da ƙarfinsu. Garin Helena na jihar Montana ya hana shan taba a watan Yuni 2002, kotu ta dakatar da dokar a Disamba, likitocin garin suka ruwaito cewa a cikin wata shidan nan masu bugun zuciya da aka kwantar sun ragu daga kimanin 40 zuwa 24, sannan adadin ya koma sama bayan an dakatar. Labari ne mai jan hankali, amma gari ne ƙarami, kuma a ƙaramin adadi hawa da sauka suna iya zuwa haka kawai. Binciken da ya fi girma, na Sukotilan bayan dokarta ta Maris 2006, ya sami raguwar kashi 17 cikin ɗari a asibitoci tara, kuma yawancin raguwar a cikin marasa shan taba ne. Cibiyar nazarin likitanci ta Amurka ta tattara irin waɗannan bincike a 2009, ta ce alaƙar gaskiya ce, amma girman raguwar ya bambanta ƙwarai, daga kashi 6 har zuwa 47. Sannan raguwar kotinin ɗin da na ambata ba doka kaɗai ta kawo ta ba, harajin taba ya ƙaru, masu sha sun ragu, mutane da yawa sun daina sha a cikin gidajensu. Abin da zan tsaya a kansa ba tare da shakka ba shi ne iskar tana tsabta nan take, numfashin ma'aikata yana gyaruwa cikin makonni, bugun zuciya kuma yana raguwa, ko da yake ba da girman da labarin Helena ya nuna ba.

Tsoron da masu gidajen abinci suke yi na rasa ciniki kuwa, an gwada shi a Teksas ɗin kanta. El Paso ta hana a Janairu 2002, aka duba bayanan harajin ciniki na gidajen abinci da na giya kafin da bayan, ba a ga faɗuwa ba. Ban ce babu wani shago ɗaya da ya ji a jikinsa ba, musamman wanda yake bakin iyaka da garin da bai hana ba, kuma wannan ma hujja ce ta cewa doka ta game jiha gaba ɗaya ta fi ta gari-gari adalci ga 'yan kasuwa.

Inda ake yin ainihin kokawar

Wanda ya karanta dokokin nan da yawa zai lura cewa sashen da ya ce "an hana" gajere ne, sashen da ya ce "ban da" shi ne mai tsawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Niyu Jazi ta yi doka mai ƙarfi a 2006 amma ta tsame gidajen caca na birnin Atlantik, inda har yanzu ma'aikata suke fafutukar a rufe wannan ƙofa. Nebada ma ta tsame zaurukan caca. Fulorida, wadda masu zaɓe suka sa hanin a kundin tsarin mulkinta a 2002, ta bar gidajen giya masu zaman kansu. Wasu jihohin sun bar gidajen shisha da shagunan sayar da taba. A duk inda aka tsame, akwai mutanen da ke aiki awa takwas a ciki.

Dabara ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Majalisar jiha takan yi doka mai rauni, sannan ta ƙara sakin layi ɗaya da ke cewa babu birni ko ƙaramar hukuma da za ta yi wadda ta fi ta tsanani. A ido an yi doka, a aikace an ɗaure hannun garuruwan da suke son su ci gaba. Takardun cikin gida na kamfanonin taba, waɗanda suka fito fili sakamakon shari'o'in shekarun 1990 da sulhun da jihohi 46 suka yi da kamfanonin a 1998, sun nuna cewa kamfanonin sun nemi irin wannan sakin layi da gangan, kuma sun tallata tsarin ware kusurwa da sa na'urar iska a matsayin madadin hani. Dalilinsu a bayyane yake: a zauren ƙaramar hukuma mutanen gari ne suke magana da maƙwabtansu, a majalisar jiha kuwa mai kuɗi ya fi samun kunnen da zai saurare shi. Sa'ar ƙanenki ita ce Teksas ba ta ɗaure garuruwanta haka ba, shi ya sa manyan biranen suka iya yin nasu.

Akwai masu cewa ai taba halas ce a doka, gini kuma na mai shi ne, gwamnati ba ta da hurumi. Ina girmama wannan magana, kuma ban yarda a riƙa wulaƙanta mai shan taba ba, domin na ga yadda nikotin yake kama mutum, na ga magidanta da suka yi yunƙurin bari sau biyar sau shida suna kuka da hawaye. Amma dokar ba ta ce kada ya sha ba, ta ce ya fita waje. Gwamnatin da ta isa ta hana mai gidan abinci dafa ruɓaɓɓen nama a cikin gininsa, ta isa ta hana shi shayar da ma'aikacinsa guba ta hanci. Mu ma a tarbiyyarmu ƙa'idar nan sananniya ce, cewa ba a cutar da kai kuma ba a cutar da wani.

Mu a nan gida

Muna da doka, har ma mun daɗe da ita. An yi dokar soja ta 20 a 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, wadda ta hana shan taba a wurare irin su sinima da ofisoshi da makarantu da asibitoci da motocin haya. Najeriya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, wadda sashenta na 8 ya wajabta kare jama'a daga hayaƙin taba a rufaffun wurare, Nijar ma ta amince a shekarar, ta kuma yi dokarta a 2006. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2014 zamanin Gwamna Babatunde Fashola, da tarar naira 10,000 ko ɗauri ga wanda ya karya a karon farko. Sannan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar taba ta ƙasa a watan Mayu 2015, aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019.

Damuwata biyu ce. Ta farko, dokar Legas da ta ƙasa duk sun bar ƙofar ware wa masu sha wuri a wasu gine-gine. Ta Legas ta ba otal-otal da gidajen giya da na rawa damar ware abin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari na wurin ba. Wato mun ɗauko matakin da Minesota ta gwada tun 1975 ta ga bai yi ba, alhali jagororin da ƙasashen yarjejeniyar suka amince da su a 2007 sun ce rufaffen wuri ya zama babu hayaƙi ɗari bisa ɗari. Ta biyu, aiwatarwa. Binciken shan taba na manya da aka yi a Najeriya a 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari ne kawai suke amfani da taba, amma kusan kashi 29 na waɗanda suka shiga gidan abinci sun shaƙi hayaƙi a can. 'Yan kaɗan ne suke sha, jama'a da yawa suke shaƙa.

Wuraren da suka fi tayar mini da hankali ba manyan otal ba ne. Gidan kallon ƙwallo ne, rumfar kwano da aka toshe kowace kafa don haske kada ya ɓata hoton talabijin, matasa fiye da ɗari a kan benci, janareta yana ruri a bayan katanga. An taɓa kawo mini wani saurayi mai karɓar kuɗi a ƙofar irin wannan gida, bai taɓa sa sigari a bakinsa ba, amma rigarsa tana warin taba kamar an jiƙa ta a ciki, ƙirjinsa yana kuka kamar ƙyanwa. Sai kuma gidajen shisha da suka yaɗu a biranenmu, inda ake ganin kamar ruwan tulun yana wanke hayaƙin. Ba ya wankewa, kuma gawayin da ake ɗorawa a kai yana ƙara iskar guba mai hana jini ɗaukar iskar shaƙa, irin wadda take kashe mutane idan suka kwana da janareta a ɗaki. Abin da ya sa dokokin Amurka suka zauna ba yawan kama masu sha ba ne: an ɗora nauyin a kan mai wurin, ya sa alama, ya kwashe mazuban toka, idan ya bari a sha shi za a ci tara, kuma jami'in da dama yake zuwa duba tsabtar kicin shi ne yake dubawa. Mu ma muna da duba-gari, kuma wannan aiki ne da ya dace da su.

Abin da ƙanenki zai yi

Da farko ya ga likita a wannan makon, kada ya jira numfashi ya sarƙe masa da dare. A auna ƙarfin huhunsa, a duba ko yana buƙatar maganin shaƙa na kullum mai hana kumburi bayan na gaggawa, kuma ya riƙa rubuta ranakun da ciwon ya tashi da ranakun da ya yi aiki, domin idan ya lafa a ranakun hutu ya tashi a ranakun aiki, wannan shaida ce da likita zai iya rubutawa a takarda. Sannan ya kira ofishin magatakardan garin ko sashen lafiya na gundumar ya tambayi ko garin yana da dokar shan taba, kada ya tsaya a kan maganar mai gidan abincin, domin wasu lokuta doka tana nan ba a bi ne kawai.

Idan babu, akwai dokar tarayya ta kare masu lalurar jiki ta 1990, wadda take aiki a kan mai ɗaukar ma'aikata 15 ko fiye, kuma fuka tana iya shiga ƙarƙashinta; da takardar likita yana iya neman a sauya masa wurin aiki ko a yi masa wani sassauci. Ni likita ne, hukuncin yadda wannan doka za ta hau kan halinsa aikin lauyan ƙwadago ne, kuma akwai ofisoshin ba da shawarar shari'a kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi a jihar. Ya kuma sani cewa rashin doka bai hana mai gidan abincin hana shan taba a wurinsa ba, ikonsa ne, kuma zai fi sauraro idan ma'aikata uku ko huɗu suka same shi tare cikin ladabi, suka nuna masa abin da ya faru a El Paso. A mayar da shi ɓangaren marasa sha zai rage masa kaɗan, amma kada ya ɗauke shi a matsayin mafita, takunkumin hanci na yadi ma ba ya tare wannan ƙura.

Idan duk wannan bai yiwu ba, Malama, ki gaya masa daga bakina cewa ya fara neman aiki a birni mafi kusa da ke da doka, ko da zai riƙa tafiyar rabin awa a mota, kuma kada ya ajiye wannan aikin sai ya sami wancan, sai fa idan likitansa ya ce ya bari nan take. Ki kuma tambaye shi ko sau nawa yake amfani da maganin shaƙa na gaggawa a mako; idan ya wuce sau biyu, ko ciwon yana tashinsa daga barci, wannan alama ce cewa fukar ba ta kwanta ba, ya koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.